Ɗakin da Na-Ƙofa Ya Gina

Ba da sunan Na-Ƙofa aka raɗa masa ba, amma sunan ya manne masa har ya danne na yanka. Ko matarsa, in ranta ya ɓaci, da shi take kiransa. Gadi ya yi tun gashin kansa yana baƙi wuluk har furfura ta gama da shi. Ya yi a gidan wani ɗan kwangila, ya yi a gidan wata attajira da ba ta taɓa ganin fuskarsa ba sai ta madubin mota, ya ƙare a gidan wani likita mai kirki amma mai mantuwa. Gidajen kowanne da fasalinsa, ɗakin mai gadi kuwa iri ɗaya ne duk inda ka je: ɗan ƙaramin ɗaki a jikin katanga, dab da get, taga ɗaya tana kallon titi, gadon ƙarfe, da ƙusa a bango inda ake rataye riga.

Ba ciwon baya kawai aikin ya bar masa ba, ya bar masa hon a jiki. In mota ta danna hon, gwiwoyinsa ne ke ji kafin kunnensa. Yana cikin cin abinci zai tashi da loma a hannu, yana wanka zai fito da kumfa a wuya. Ko bayan ya ajiye aiki abin bai sake shi ba. A kasuwa ko a layin asibiti, wata mota can da ba ta san da zamansa a duniya ba za ta yi hon, sai ka ga tsoho ya miƙe zumbur yana laluben makulli a aljihu. Matarsa tela ce, bakinta ya fi almakashinta kaifi, takan ja gefen rigarsa ta ce, "Zauna, Malam, ba naka ba ne." Sabo turken wawa, kuma shi da kansa yake fara faɗa kafin a faɗa masa.

Rabin aurensu a rabe suka yi shi. Ita tana ɗakin haya a can wancan ƙarshen gari, da kekenta na ɗinki da 'yarsu tilo, shi yana bakin get ɗin wasu, sai ranar hutu ya zo gida kamar baƙo. Yarinyar ta yi haƙori ba ya nan, ta fara tafiya ba ya nan. Ranar da ta gama makarantar koyon jinya ma sai da ya roƙi mai wanki ya riƙe masa get kafin ya samu ya leƙa. Wannan abu yana ci masa rai, bai kuma taɓa ɓoyewa ba.

Kada kuma wanda ya zo yana ba Na-Ƙofa labarin daɗin babban gida, don daga bakin get ya ga cikinsa sarai. Ya ga miji da mata suna kiran juna a waya daga ɗaki zuwa ɗaki. A gidan likitan nan, mahaifin maigidan ya taɓa faɗuwa a banɗakinsa a saman bene, gida cike da mutane, ba wanda ya ji. Na-Ƙofa ne ya lura rana ta yi sama amma labulen tsohon bai motsa ba. An ceto shi, sai dai da rabin jiki ya ƙarasa rayuwarsa. Tun daga ranar Na-Ƙofa ya ƙudura a ransa, in Allah ya ba shi nasa, ba zai gina inda muryar mutum za ta ɓace a ciki ba.

Allah kuwa ya ba shi. Ya sayi fili a bayan gari tun wurin yana daji, ba kowa sai awaki da ƙaya. Da ya yi sallama da aiki ya kewaye shi da katanga, mai walda ya yi masa get mai murfi biyu da ƙaramar ƙofa a jiki, sannan ya kira magini. Magini ya tsaya a tsakiyar fili da igiya da turaku ya ce, "Baba, ina za mu kafa?"

Na-Ƙofa bai ko yi tunani ba. Ƙafafunsa suka kai shi kusurwar da ke dab da get, ya buga dunduniya a ƙasa. "Nan."

"To, wannan na mai gadi ke nan. Babban gidan fa?"

"Shi ne wannan ɗin."

Magini ya yi dariya har ya dafa katanga, da ya ga tsohon bai yi ba sai ya haɗiye sauran ya kama aiki. Matar kuwa ba ta haɗiye tata maganar ba. "Fili kamar na ƙwallo, ka kwaso mu ka kawo bakin titi muna shaƙar hayaƙin motoci. Wai kai Na-Ƙofa, a kunne aka raɗa maka dole sai a nan?"

"Nan ɗaki yake zama, Tela," in ji shi. Har ga Allah haka ya yi imani, don kusan duk kwanansa na duniya a ɗakin bakin get ya yi shi.

Ɗakin ya fito ɗan cas. Gado ya ci bango ɗaya, keken ɗinki ya zauna ƙarƙashin taga, akwatin kaya ya shige ƙarƙashin gado. Daga kwance in ya miƙa hannu yana taɓa rediyo, in ya ƙara miƙawa ya taɓa ƙofa. A bayan ɗakin suka yi 'yar rumfar girki da banɗaki. Sauran filin gaba ɗaya suka bar wa shuka. Shi ya dasa mangwaro a tsakiya, da gwaiba da lemo a gefe, ita ta ja kunyoyin tumatir da barkono. In ta yi tari yana ji, in ya yi minshari tana zungurinsa ba sai ta tashi ba. Suka yi faɗan da ba su samu sukunin yi ba a ƙuruciya, suka yi hirar da suka bari. Na-Ƙofa bai taɓa jin daɗin duniya irin na waɗannan shekarun ba.

Sai gari ya taso ya iske su. Aka zuba kwalta, aka kafa fitilu, benaye suka tsiro dama da hagu suna leƙen tumatir ɗin tsohuwa. Baƙin maƙwabta sukan yi kuskuren gida su tsaya a tagarsa su ce, "Baba, maigidan yana ciki?" Ya ce, "Yana gabanka." Sai su leƙa ta kan kafaɗarsa suna neman ginin da babu. Wani maƙwabci mai bene ya fara gunaguni wai filin yana rage wa layin daraja, kuma gunagunin mai bene ba ya tsayawa a bakin ƙofarsa.

Wata safiya jami'in hukumar tsara gari ya zo, matashi mai hular kwano da tef na awo, mai ladabi kuwa, don sai da ya rusuna ya gaishe su. Ya auna daga titi zuwa bango, ya auna ɗakin ciki da waje, aikin da bai ɗauke shi komai ba. Tsohuwa ta miƙa masa ruwa ya sha, sannan ya yi gyaran murya.

"Baba, an mayar da wannan yanki na manyan gidaje. Doka ta ce gidan zama sai ya ja baya daga titi, kuma kada ya gaza ɗakuna uku da falo. Abin da aka yarda ya zauna a jikin katanga shi ne ɗakin mai gadi kawai."

"To ai shi ke nan. Ku ɗauka na mai gadi ne."

"Ɗakin mai gadi kuma sai in akwai babban gidan da ake yi wa gadi."

Na-Ƙofa ya dube shi, ya dubi mangwaronsa. "Wato in gida ne ya yi ƙanƙanta, in na gadi ne ba shi da ubangida."

"Haka take, Baba. Ko a gina babban gida, ko a sauke wannan."

"Yaro, mu biyu ne. Ɗakuna ukun nan, wa zai kwana a biyun? Aljanu?"

Jami'in ya sosa ƙeya ta ƙarƙashin hularsa ya ce shi aiko shi aka yi. Na-Ƙofa bai ji haushinsa ba, don ya san ɗan aike in ya gan shi, shi ma ya hana mutane shiga gidaje ba don ransa yana so ba. Washegari ya sa rigarsa mai kyau ya nufi ofishin hukumar. Ya zauna a benci, aka tura shi sama, aka dawo da shi ƙasa, a ƙarshe ya samu wata babbar jami'a mai tabarau da ta saurare shi har ya gama. Ta yi masa bayani a tsanake, ta ce an yi dokar ne don kada a cika unguwa da 'yan kurkukun da ake cusa talakawa a ciki haya, ba iska ba haske.

"Ranki ya daɗe, wannan gaskiya ne, na zauna a irinsu," in ji shi. "Amma ni ba wanda ya cusa ni. Ni na auna, ni na shiga. Iska kuwa ki zo ki gani, ta fi ta ofishin nan. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo, nawa kuma ba ya yoyo."

Ta ce ta fahimta, amma in aka ɗaga wa ɗaya sai an ɗaga wa dubu. Ya ce to a ɗaga wa dubun mana, su ma bayin Allah ne. Ta yi murmushi ta kira na bayansa. Ba a jima ba aka zo aka shafa wa bangon ɗakin jan fenti, alamar za a rushe shi. Na-Ƙofa ya jira ya bushe, ya kawo farin fenti ya shafe. Aka dawo aka sake, ya sake. Tsohuwa ta ce ko ba komai ɗakin bai taɓa shan kwalliya irin ta bana ba.

Ana cikin haka 'yarsu ta zo daga asibitin da take aiki, ko farar rigarta ba ta cire ba. Ta zauna bakin gado, gwiwarta na gugar keken ɗinki, ta kawo maganar da ita da mijinta suka shirya. Mijin yana da shagon kayan lantarki, yana da hali daidai gwargwado, kuma yaron kirki ne, wannan ba wanda ya musa.

"Baba, ya ce zai gina babban gidan a tsakiya yadda suke so, mu dawo nan da yara. Ku zaɓi ɗakin da kuke so a ciki. In kuma kun fi son nan, ku yi zamanku, doka ba ta da ta cewa tunda ga babban gida. Kowa ya huta."

Shawara ce mai kyau, duk mai hankali zai ce haka. Na-Ƙofa ya juyo ya dube ta. "Uwata, in mijinki ya dawo daga shago ya yi hon, wa zai tashi?"

"Haba Baba! Ai shi zai sauka ya buɗe."

"Ranar farko zai sauka. Ta biyu ma zai sauka. Ranar da ake ruwa, kafin ya buɗe murfin mota ƙafafun nan sun kai ni get. Zai ji kunya ya ce Baba da ka bari. Gobe kunyar ta ragu. Wata rana na makara, ya ƙara danna hon ɗin. Ba laifinsa ba ne, na san kaina ne. Sannan a rubuta a wurin hukuma cewa ɗakin nan na mai gadi ne, a filin da na saya da gumina? An sayar da kare an sayi biri ke nan."

"To ku shiga cikin gidan mana!"

"In shiga inda uwarki za ta faɗi a banɗaki ban ji ba?"

Yarinyar ta fashe da kuka. "Rushewa za su yi, Baba. Wallahi rushewa za su yi, kuna ji kuna gani."

"Na sani," in ji shi, kukan yarinyar nan kuwa bai taɓa barinsa daidai ba. "Allah ya yi muku albarka ke da shi. Amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni."

Bayan ta tafi, tsohuwa ta ci gaba da taka kekenta kamar ba ta ji komai ba. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Taurin kanka zai kwantar da mu a waje, Na-Ƙofa."

"In kina so ki bi ta, ba zan hana ki ba."

Ta tsayar da keken ta harare shi. "Na yi rabin rayuwata ina jiran ranar hutunka. Yanzu da hutun ya zo ka ce in tafi ina? Miƙo mini zaren can."

Ranar da hukuma ta sa musu ta rushe ɗakin, tun da safe suka fitar da keken ɗinki da gado da akwati suka jera ƙarƙashin mangwaro. Na-Ƙofa ya zare kwaɗon get ya jefa a aljihu, ya bar sakata kawai, ya ɗauko bencinsa ya zauna kusa da matarsa. Maƙwabta suka fito barandar benayensu, wasu da kofin shayi a hannu. Hantsi ya ɗaga sai ga rugugin katafila, motar hukuma a gabanta. Motar ta tsaya da hancinta a bakin get, direba ya danna hon.

Gwiwoyin Na-Ƙofa suka yi abin da suka saba. Kafin ya ankara ya rabu da benci, hannunsa ya nufi aljihu. Tsohuwa ta ɗaga hannu za ta ja rigarsa, sai ta fasa. Shi da kansa ya tsaya a haka, rabi tsaye rabi zaune, sannan ya ɗora tafukansa a kan gwiwoyin ya danna su ƙasa har ya koma kan benci. Hon na biyu ya zo, ya fi na farko tsawo. Gwiwoyin suka sake yunƙurin tashi, ya ƙara danne su. A na uku direban ya kwanta a kan hon ɗin har tsuntsaye suka watse daga kan gwaiba. Na-Ƙofa yana kallon get ɗin ido cikin ido, bai motsa ba.

Sai aka yi shiru. Aka ji an buɗe murfin mota an rufe, aka ji takun takalmi, aka ƙwanƙwasa ƙaramar ƙofa, aka yi sallama. Na-Ƙofa ya amsa daga inda yake zaune, da muryar da bai taɓa amsa wa kowa da ita ba.

"A buɗe take. Tura."

Jami'in nan mai hular kwano ne ya shigo, ya rusuna ya gaishe su, ya ce, "Baba, umarni ne. A buɗe mana get."

"Ga shi can. Ni na daina."

Matashin ya juya ya zare sakata da hannunsa, ya ja murfi ɗaya ya kai bango, ya dawo ya ja ɗayan. Da ya gama ya ce wa leburorinsa su fara cire kwanon rufi da ƙofa da taga a hankali su jingine wa tsoho a gefe, wannan kam ba ya cikin umarnin da aka ba shi. Katafila ta shigo, ta ɗaga hannu, ta tura sau ɗaya. Ɗakin bai yi gardama ba. Tsohuwa ta rufe fuska da mayafi ta yi kukanta, shi ma hawaye ya zubo masa bai share ba, don abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Ƙura ba ta gama kwantawa ba ya tashi, yanzu kam don kansa. Ya shiga cikin ɓaraguzan yana tsamo bulon da bai fashe ba yana jerawa a baro. Daidai nan 'yarsu ta iso a guje, ta ga abin da ya rage, ta buɗe baki za ta ce ai na faɗa, uwar ta yi mata ido ta yi shiru. Na-Ƙofa ya tura baron, ya wuce inda ɗakin yake a da, ya wuce gwaiba, bai tsaya ba sai tsakiyar fili, gefen mangwaro, daidai wurin da magini ya taɓa tsayawa da igiya. Ya sauke bulon, ya zaro igiya da turaku daga cikin akwati.

"Tela, tumatir ɗinki na layin nan zai tafi."

"Ya tafi," in ji ta, tana share ido. "Da tun farko ka ji maganata, da ba mu sha hayaƙi ba."

Jami'in ya riga ya kai get, sai ya dawo ya tsaya yana kallon igiyar da ake miƙawa. Ko ba tef ya gane awon. "Baba, nan kam ka ja baya da titi yadda ake so. Amma girman fa, shi ne dai na da."

"Ko taƙi ɗaya ban ƙara ba. Na bi muku rabin doka, ku ma ku bar mini rabin raina."

"Za a sake turo mu."

"Ku zo. Ka dai iya buɗe get yanzu. In za ka fita ka ja mini shi."

Matashin ya gyara hularsa. Ya jira katafila ta fita, ya ja murfin nan biyu ya haɗa su, ya zura sakata, ya fita ta ƙaramar ƙofa. Yarinyar ta dubi ubanta a durƙushe cikin kunyar tumatir, sannan ta naɗe hannun farar rigarta ta kama baro ta nufi ɓaraguzan.

Tsohuwa tana riƙe da bakin igiya, shi yana buga turke da dutse, sai wata mota ta danna hon a titi, mai ƙarfi, kusa da katangarsu. Ta yi sauri ta dube shi. Na-Ƙofa bai ko ɗaga kai ba, ya ƙara wa turken bugu ɗaya.

"Ja igiyar nan, Tela," in ji shi. "Ta yi sako-sako."